In Access ya ƙi karɓar fayil a rikod

'Yan uwa masu aikin ofis a nan Katsina, in kun zo maƙala hoton fasfo ko takardar da aka yi sikanin a Microsoft Access sai ya watso maku saƙon kuskure, ga yadda za ku bi.

Kafin komai ku kwafi databes ɗin a filash, wutar nan tamu ba a yarda da ita.

Sai ku duba ƙarshen sunan databes ɗin, in .mdb ne to ba ya ɗaukar maƙale-maƙale sam, sai an maida shi .accdb.

Na biyu girma, nan ne matsalar ta fi yawa. Fayil ɗaya kar ya wuce 256MB, shi kuma databes gaba ɗayanshi 2GB ne iyakarshi, kuma hotunan waya nauyi gare su, a hankali suke cika shi ba ku sani ba, ko kun goge tsofaffin rikod wurin ba ya dawowa da kanshi. Don wurin ya dawo, ku ce kowa ya rufe databes ɗin, ku shiga Database Tools ku danna Compact and Repair.

Fayil irin .exe kuwa, wato na manhaja, dama Access toshe shi yake, ku matse shi cikin zip tukuna.

In har yanzu ya ƙi, ku ajiye takardun a folda, ku rubuta adireshinsu kawai, wato inda suke a kwamfuta, cikin rikod ɗin.