Kafin ka sayi littafin GMAT ko ɗaya

Kwanakin baya wani ƙanina da bai cika wata huɗu da sauka a Amurka ba ya kira ni ɗakinsa in ga shirin da yake yi wa jarrabawar GMAT, wadda makarantun koyon kasuwanci ke nema ga mai son yin digiri na biyu. Na tarar da littattafai na hannu cike da kwali, wasu har ya jera su a bakin taga. Da na ɗauki na sama na duba shekarar da aka buga shi, sai jikina ya yi sanyi. Kusan dukkansu na tsohuwar jarrabawa ne. Yaron nan ya shafe mako uku yana haddace dokokin gyaran jimlar Turanci da lissafin kusurwa da da'ira, alhali an daina tambayar su. Abin ya tsaya mini a rai, don na san da kuɗin aikin dare ya saye su.

To, ɗan'uwa, in ka zo ƙasar nan da burin shiga makarantar koyon kasuwanci, fara da sanin abin da za ka tarar. Hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta fito da sabon tsari a watan Nuwamba 2023, ta jingine tsohon a ƙarshen Janairu 2024. Yanzu sashe uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, sai nazarin bayanai mai tambaya 20. Babu rubuta insha'i. Maki yana farawa daga 205 zuwa 805, kuma 645 na yanzu shi ne kwatankwacin 700 na da, saboda haka kada wanda ya yi tasa shekaru biyar da suka wuce ya tsorata ka da lambarsa. Kwamfuta ce ke auna ka: in ka ci ta miƙo mai wuya, in ka faɗi ta sassauta. Kana da damar komawa ka canza amsa uku a kowane sashe, in lokaci ya rage maka.

Tun kafin wannan ma, leƙa shafin makarantun da kake so. Da yawa suna karɓar GRE, wata jarrabawar shiga digiri na biyu, a madadin GMAT. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke Faransa su lura: wasu kwasa-kwasan da ake koyarwa da Faransanci wata jarrabawa ta Faransanci mai suna TAGE MAGE suke nema, amma MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, na makarantun INSEAD da HEC Paris da Turanci ake yin su, GMAT tana shiga.

Shawarata babba ita ce ka auna kanka kafin ka kashe ko sisi. Buɗe asusu a mba.com, akwai jarrabawar gwaji guda biyu kyauta daga masu jarrabawar da kansu. Yi kwana biyu ko uku kana duba irin tambayoyin, sannan ka zaɓi wata safiya, ka kashe waya, ka zauna awa biyu da kwata ka yi ta farko kamar da gaske. Makin zai iya ɓata maka rai, ba komai. Abin da kake nema shi ne ka ga inda ƙafarka ke zamewa. Ta biyun kuwa ɓoye ta sai ka yi nisa.

Mu da muka taso da WAEC da JAMB mukan ɗauka lissafi ba zai ba mu wuya ba, kuma gaskiya ne ƙa'idojin ba su wuce na sakandare ba: kaso cikin ɗari, rabo, aljabara, matsakaici. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci da salon tambaya. Minti biyu da 'yan daƙiƙu kake da su a kan kowace, kuma ba a yarda da kalkuleta a sashen lissafi ba, sai a na nazarin bayanai. A can kuma akwai wata irin tambaya da ba mu saba da ita ba sam. Za a yi maka tambaya, a ba ka bayani guda biyu, amma ba amsar ake so ba. So ake ka faɗi ko bayanin farko kaɗai ya isa a gano ta, ko na biyu kaɗai, ko sai an haɗa su, ko kowanne shi kaɗai ya isa, ko duka biyun ba su isa ba. An horar da mu mu warware lissafi har ƙarshe mu ja layi biyu a ƙasa. A nan wanda ya tsaya warwarewa har ƙarshe lokacinsa yake ƙonawa. Sai ka koya wa kanka ɗaga alƙalami da zarar ka ga hanyar ta buɗe.

Kayan karatu kuwa, kaɗan ya fi albarka. Littafin Official Guide na GMAC, bugun da ya dace da sabon tsari, shi ne ginshiƙi, domin tambayoyin cikinsa daga hukumar suke, da irin harshensu da irin tarkonsu. In tushen lissafinka ya yi tsatsa, shafin koyarwa na Khan Academy a intanet kyauta ne. Kamfanoni irin su Manhattan Prep da Magoosh da Target Test Prep suna sayar da darussa. In za ka biya, zaɓi ɗaya tak bayan gwajin farko ya nuna maka rauninka, ka bi shi har ƙarshe. Kuma je ka yi katin laburaren unguwarku. Kyauta ake yi wa mazauna, akwai ɗumi lokacin sanyi, akwai shiru, abin da ɗakin da mutum huɗu ke kwana ba zai ba ka ba.

Abin da ya fi kowane littafi yi mini amfani shi ne wani ɗan littafin rubutu da na ware wa kurakuraina. Duk tambayar da na faɗi, ko na ci da cinke, sai in rubuta lambarta da dalili: ban san ƙa'idar ba, ko Turancin ne ya ruɗe ni, ko gaggawa na yi, ko na daɗe a kanta. Ranar Lahadi in zauna in sake su ba tare da duba amsa ba. Bayan wata guda na ga yawancin faɗuwata a sashen hujja daga abu ɗaya take: ina zaɓar amsar da na san gaskiya ce a rayuwa, ba wadda rubutun ya tabbatar ba. Da ban rubuta ba, da na ci gaba da ɗora wa Turancina laifi. Shi ma Turancin yana son kulawa. Karanta dogon sharhi ɗaya kullum a kan tattalin arziki ko kimiyya, ka rufe, ka faɗa wa kanka da Hausa abin da marubucin yake son kafawa da hujjar da ya dogara da ita.

Wajen tsara lokaci, fara lissafi daga ranar rufe neman gurbi ka dawo baya. Manyan makarantun Amurka galibi suna rufe zagayen farko a Satumba, na biyu a Janairu. Ba kanka wata uku zuwa huɗu, ka bar sarari don maimaici, tunda sai an yi kwana 16 kafin a sake zama, kuma ba a wuce sau biyar cikin wata 12. Awa ɗaya bayan sallar Asuba kullum ta fi awa takwas ranar Asabar kaɗai. Mai aikin dare ya nemi lokacin da kansa ya fi sakewa ya riƙe shi. 'Yar'uwa mai yara, ki zauna da maigida ku yanke sa'o'in da shi zai riƙe su, tun kafin ki biya kuɗin rajista, wanda a Amurka ya kai dala 275 a cibiya. In da hali, kada ranar jarrabawa ta faɗo cikin azumi. Makin yana aiki shekara biyar, don haka yin ta da wuri ba asara ba ce.

Sai maganar suna, wadda ta fi shafar mu. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a fasfo, sunan mahaifi a gaba a nan, a baya a can. Lokacin rajista buɗe fasfonka ka kwafi sunan harafi bayan harafi, ka duba bai ƙare aiki ba, domin shi za su nema a ƙofa. Ranar kuma ka isa da rabin awa a hannu. Za su karɓi wayarka da agogonka a kulle, su ba ka allon roba da alƙalaminsa don lissafi, saboda haka ka saba da irinsa tun a gida.