Layi Uku a Gaban Abul Haul

Idan zan rubuta gajeriyar waƙa a kan sassaƙen dutse, nakan ajiye biro tukuna, in yi minti goma ina kallo kawai. Da hoton Abul Haul na Giza a Masar na koyi wannan. Jikin zaki ne da kan mutum, an sassaƙe shi daga dutsen wurin, tsawonsa kusan mita 73, tsayinsa kamar mita 20. Yawancin masana na danganta shi da zamanin Fir'auna Kafre, shekara kusan 4,500 da suka wuce.

Ka san duk wannan, amma kada ka cusa shi a waƙar. Layi uku ba sa ɗaukar tarihi.

Nemi abu guda da ya tsaya maka a rai, musamman inda dutsen ya ji rauni. Ni hancin da ya karye ne ya kama ni, sai kuma fuskar da ke kallon gabas, inda rana ke fitowa kullum. Daga nan na ɗauki awon haiku, wato gajeriyar waƙar Japan mai layi uku, gaɓa 5, 7, 5:

Hanci ya tafi
ido na kallon gabas
rana ta dawo

Ƙirga gaɓoɓin da yatsa, kana faɗa da ƙarfi. A zubin farko na sa "tsoho" da "mai ban mamaki", duk na goge su, domin mai karatu ba ya ganinsu da ido. Sa abin da ke motsi kusa da dutsen: rana, yashi, inuwa, tsuntsu. Sannan ka bar waƙar ta kwana, gobe ka sake karanta ta kana duban hoton.