Yadda Ake Zaɓen Shukokin Lambun Gida Masu Jure Zafin Sakkwato

Yawancin lambunan gida a Sakkwato tumatir ne ke kashe wa masu su gwiwa. Mutum ya ga tsadarsa a kasuwa, ya sayo iri ya shuka a watan Maris, ya yi ta jidar ruwa, shuka ta yi kore shar ta yi fure, furen ya kakkaɓe ko ɗa ɗaya babu. Daga nan sai a ɗora wa ƙasar gidan laifi, alhali lokaci aka saɓa. Damina a nan daga Yuni ne zuwa Satumba, ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Sanyin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai bazara daga Maris zuwa Mayu, inda zafi ke haura digiri 40. Kowace shuka da lokacinta, kuma akwai 'yan kaɗan da ke ratsa dukkan ukun. Da su ake fara lambu.

Da farko: wuri, ƙasa da lissafin ruwa

A zaɓi inda rana ke samu daga safe zuwa azahar, katanga ko bishiya ta tare ta yamma. Ranar la'asar cikin Afrilu ita ke ƙona ganye. Kada a kusanci gindin dogon yaro, saiwarsa na bin danshi har cikin lambu ta shanye.

Ƙasar yawancin gidaje jigawa ce, ruwa na zurarewa nan take. Saboda haka ba a ɗaga kunya a rani, fangali ake yi kamar na masu lambun fadamar Kwalkwalawa: faɗi mita 1, tsawo mita 2, cikinsa ya nutse santimita 10 zuwa 15, bakinsa ya tare ruwa da iska. A sassaƙe ƙasar zurfin santimita 30, a cakuɗa ta da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen kashin awaki ko na tumaki, a jiƙa, a bar shi kwana bakwai kafin shuka. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai an tara shi an riƙa yayyafa masa ruwa kamar wata biyu, har warin ya mutu. Da damina kuwa akasin haka ake yi, a ɗan ɗaga wurin don kada ruwa ya kwanta.

Lissafin ruwa shi ne abin da ake tsallakewa. Fangali ɗaya yana shan lita 10 zuwa 12 kullum da sanyi, da bazara kuma kusan lita 20. Wanda ke sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa ya ƙirga fangali nawa aljihunsa zai ɗauka a watan Afrilu, ya tsaya a nan. Fangali biyu masu ƙoshi sun fi shida masu ƙishirwa amfani. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk na lambu ne, a yi masa 'yar hanya zuwa gindin bishiya. Ruwan wankin tufafi mai Omo kuwa gishirinsa yana taruwa a ƙasa, a kai shi wani wuri. Idan tsakar gida siminti ce, buhun shinkafa da aka huda gindinsa ya isa: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki.

Sai shinge, kafin a sa iri ko ɗaya. Akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu kafin a idar da salla. Zana ko darni ya tare dabbobi, tsohon gidan sauro kuma ya tare kaji da ƙadangaru, waɗanda ke tsinke tsiro da zarar ya leƙo.

Zogale

In abu ɗaya kawai za a shuka, to shi ne. Ana sa ƙwaya biyu a rami mai zurfin santimita 2, ta tsiro cikin kwana 7 zuwa 14, a bar mai ƙarfin. Tazarar mita 1 ta wadatar idan ganye ake so, jere a gefen katanga. Ana iya dasa reshe ma, mai tsawon mita 1 da kaurin hannun yaro, a binne kashi ɗaya cikin uku. Reshe ya fi saurin ba da ganye, amma gara na yawan cinye shi kafin ya kama, kuma ba ya yin doguwar saiwar da ke taimaka wa na ƙwaya jure fari. A gidan da gara ta yi yawa, ƙwaya ta fi.

Inda ake kuskure shi ne barin sa ya miƙe. Zogalen da ba a taɓa ba yakan tafi sama mita uku ko huɗu cikin shekara guda, ganye 'yan kaɗan can ƙololuwa inda sai da gora. Da ya kai ƙugun mutum a tsinke kansa. Rassan da suka fito, su ma in sun kai kamu biyu a tsinke. Sau ɗaya a shekara, gab da faɗuwar damina, a sare shi daidai ƙirji, zai tofo da yawa. Ganye mai rawaya da gindi mai laushi alamar ruwa ya yi yawa ne. Babban zogale ban ruwa biyu a mako ya ishe shi ko da bazara. Ganyen da za a ajiye a shanya shi a inuwa, rana na dusar da shi ta rage masa amfani.

Ganyen miya: alayyafo, yakuwa, rama da lalo

Alayyafo shi ne mai saurin biya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya cokalin shayi ɗaya da kofin yashi, a barbaɗa a fangali, a rufe da ƙasa shara-shara. Idan aka binne shi da zurfi ba zai fito ba, idan aka kwarara ruwa da bokiti kuma duk zai taru kusurwa ɗaya, sai a yi amfani da gwangwanin da aka huhhuda. Yana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, a fara ci a mako na uku ko na huɗu. A yanke shi a bar kamu ɗaya daga ƙasa da 'yan ganyaye, zai ba da yanka biyu ko uku kafin ya yi kai. A raba fangalin gida biyu, a shuka rabi yau, rabi bayan mako biyu, don kada ya zo gaba ɗaya ya fi ƙarfin tukunya.

Yakuwa da rama na damina ne, ba sa neman komai sai cirar ciyawa. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta wajen Satumba da Oktoba, don haka mai son zoɓo ya shuka da ruwan farko, tazarar santimita 60, ya daina tsinkar ganye da zarar fure ya bayyana. Lalo kuma ɓawon irinsa tauri gare shi. A ƙulle shi a tsumma, a tsoma cikin ruwan da aka sauke daga tafasa kamar daƙiƙa 10, a baza ya sha iska, a shuka ranar.

Kuɓewa

Kuɓewa zafi take so, shi ya sa ta dace da mu. A jiƙa irin ya kwana, a shuka ƙwaya biyu zurfin santimita 2 zuwa 3, tazarar santimita 40 tsakanin gindi, 60 tsakanin layi. Gindi 10 zuwa 12 sun riƙe miyar matsakaicin gida. Tana fara 'ya'ya wajen mako na bakwai ko na takwas. A tsinka kowane kwana biyu, tun suna tsawon yatsa. Ɗa ɗaya da aka bari ya ƙosa a jiki yana sa uwar ta rage fure, saboda haka na iri a ware masa gindi guda a ƙarshen layi. Cikin Disamba da Janairu tsirowarta na jinkiri kuma ba ta girma, gara a jira ƙarshen Fabrairu. Idan aka tumɓuke wadda ta tsumbure aka ga ƙulle-ƙulle a saiwa, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Kada a maimaita kuɓewa, tumatir ko gauta a wannan fangalin, a sa albasa ko masara zagaye ɗaya.

Na sanyi: albasa, barkono, sannan tumatir

Manoman Goronyo, Wurno da Gada da sanyi suke cika kasuwa da albasa, lambun gida ma haka. A yi reno a Oktoba, a dasa bayan mako 6 zuwa 7, tazarar santimita 10 zuwa 15. Bayan wata uku zuwa huɗu wuyanta zai karye ya kwanta, sai a yanke ruwa kwana 10 kafin a cire, in ba haka ba ruɓewa za ta yi a ajiya. Hanya mafi sauƙi ita ce binne albasar da ta tsiro a kicin, a ci lawashi cikin mako uku.

Ƙananan barkono sun fi attaruhu da tattasai juriya, gindi ɗaya na iya wuce shekara in ya sami inuwar yamma. Renonsu mako 5 zuwa 6 ne.

Tumatir kuwa ƙofa ɗaya gare shi. Reno a Oktoba, dashe a Nuwamba yana da mako 3 zuwa 4, tazarar santimita 50, ya yi fure cikin sanyi. Da zafin rana ya wuce digiri 35, dare ma ya ƙi yin sanyi, garin furen lalacewa yake yi, babu takin da zai gyara. Irin tumatir masu suna Roma VF da UC82B su aka fi samu a shagunan iri. Baƙin tabo a gindin ɗan tumatir daga ban ruwa na yau-a-yi-gobe-a-fasa yake zuwa. Ganyen da ya naɗe ya yi rawaya ya ƙanƙance cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, ba ta da magani, a tumɓuke a fitar. Sai tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a arewa a 2016: tana shiga tsakiyar ganye ta bar farin zane. A duba kullum, a tsinke ganyen a ƙona.

Maganin ƙwari daga dogon yaro

A tsinto busassun 'ya'yansa, a ɓare, a daka ƙwayar ciki gram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. A tace da tsumma, a narka ɗan sabulu kamar girman goro don ya kama ganye, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen, sau ɗaya a mako. Ba ya kashe ƙwaro nan take, cin ganye da hayayyafa yake hana shi, sai bayan kwana uku ko huɗu ake ganin bambanci. Rana na kashe ƙarfinsa, don haka ba a fesawa da tsakar rana, ba a kuma ajiye ragowa. Ganyen miya a bar shi kwana biyu bayan feshi, a wanke sosai, saboda ɗaci.

Idan wuri ya rage

Lemun tsami mai aure yana fara 'ya'ya wajen shekara uku, kuma ya fi lemun zaƙi jure wahala. Gwanda ta fi sauri amma mashayiya ce, wurinta bakin magudanar alwala, a ɗan tudu don kada gindinta ya jiƙe. A dasa uku wuri ɗaya, in sun yi fure a sare mazan, masu ƙananan furanni a dogon sili, a bar namiji ɗaya kacal. Na'ana'a da ɗaɗɗoya a tsohon bokiti cikin inuwa. Ga kowace sabuwar bishiya a binne tulun ƙasa marar fenti kamu biyu daga gindi, bakinsa a waje, a cika shi kowane kwana uku a rufe da murfi saboda sauro.