Darasi na 14: Kiwon Babban Gizo-gizo Mai Gashi

Kiwon da muka saba da shi a ƙauyukan Kano da Jigawa na ci ne da na kai wa kasuwa: kaji, zabi, tantabaru, awaki. Na yau dabam yake. Gizo-gizo ne babba mai gashi, ana kiransa tarantula. A Turai da Amurka ana ajiye shi a gida don kallo da neman sani. Samarinmu suna ganinsa a waya suna sha'awa, wani malamin firamare kuma yakan so ya ajiye ɗaya don ya nuna wa yara. To, duk wanda ya tsare mai rai, haƙƙin cinsa da shansa ya hau kansa. Mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba.

Mu san shi tukuna

Ƙafafunsa takwas ne. Fara da kyankyaso shida gare su. Shi ɗan'uwan kunama ne. Ire-irensa sun haura 1,000. Mafi girmansu yana dazuzzukan Burazil da Benezuwela, idan ya buɗe ƙafafu yakan kusan santimita 30, wato tsawon rular ɗan makaranta. Ba ya kafa yana a sama don kama ƙuda. Rami yake zama, ko kogon itace, da dare ya yi kwanto a bakin ƙofa. Idonsa ba ƙarfi, da gashin jikinsa yake jin motsi.

Macen wasu iri takan yi shekara 20, har fiye. Namiji kuwa da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu bayan ya balaga. Ka yi tunanin wannan kafin ka karɓi mace.

Wanne ya dace da mai koyo? Na ƙasashen Chile da Meziko sun fi sanyin hali. Idan an dame su sukan karkaɗo gashin bayansu, mai sa ƙaiƙayi. Na Afirka, irin na Togo da Gana da Kamaru, ba su da wannan gashin kariya, sai gudu da cizo. Wasunsu a kan bishiyar kwakwar manja suke zama. Cizonsu da zafi ƙwarai, yana iya sa jijiyoyi su yi ta ɗaurewa har kwanaki. A ganina bai kamata a shigo da irin waɗannan gidan da yara ke rarrafe ba, ko kyauta aka ba ka. Haka kuma kada a je daji ana haƙe su daga raminsu. Saboda yawan kamun da aka yi wa na Meziko mai jar gwiwa, sai da aka sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya na cikinta, ba a ƙetare iyaka da shi sai da takarda.

Ɗakinsa

Nemi roba mai haske wadda ake ganin ciki, mai murfin da ke kamawa sosai, ka wanke ta tas. Faɗinta ya ninka buɗin ƙafafunsa sau uku. Ka gasa ƙusa ka huhhuda gefe da murfi don iska. Ka zuba ƙasa mai laushi wadda taki ko feshi bai taɓa ba, ta kai rabin robar ko fiye. Dalili shi ne, mai zaman ƙasa yakan hau bango, idan ya faɗo daga nesa cikinsa zai fashe, ya mutu. Ka kifa masa fasasshen kasko ko ɓawon itace ya riƙa ɓuya. Ruwa kuma a murfin kwalba mai faɗi marar zurfi, kada a sa auduga a ciki.

Ɗaya tak a roba. Idan ka haɗa biyu, ɗaya zai cinye ɗaya.

Babbar matsalarmu ita ce zafi. Gizon nan ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan wuce 40. Robar da rana ta doka, ko aka bari a ɗakin kwano da azahar, za ta kashe shi kafin la'asar. A kai shi ɗakin ƙasa ko soro, a ajiye kusa da gindin randa, inda sanyi yake. Da hunturu kuma iska ce ke bushewa. A riƙa duba ruwansa kullum, a ɗan jiƙa kusurwa ɗaya ta ƙasar, sauran a bar ta a bushe. Ƙasar da ta yi caɓi tana kawo fumfuna, shi kuwa ta ƙarƙashin cikinsa yake numfashi. Idan ka ga cikin ya yamutse, ƙishirwa ce.

Sai abokan gaba. Kiyashi da cinnaka suna shiga ta hudar iska su taru masa. Ɗora robar a kan bulo a cikin faranti mai ruwa, ba za su ƙetare ba. Kaza da kyanwa ma a nisanta su. Amma wanda ya fi kowa kisa shi ne maganin ƙwari: na fesawa, da na kunnawa, da ota-piya-piya. Ɗakin da ake sa waɗannan ba ɗakin gizo ba ne.

Abinci

Mai rai yake ci: gyare, kyankyaso, fara. Babba ana ba shi ɗaya ko biyu a mako, kada girman ƙwaron ya wuce na cikinsa. Ba ya tauna. Yakan soke da fiƙa, ya zuba ruwan da ke narkar da nama, sannan ya tsotse. Abin da bai ci ba zuwa gobe a cire. Kada a kamo masa fara daga gonar wake ko lambun tumatir da aka yi wa feshi, dafin zai bi ta abincin ya same shi. Gara ka tara gyare a wata roba dabam, kana ba su dusa da ganye mai tsabta.

Wani lokaci yakan ƙi ci na makonni, har watanni. In dai cikinsa a cike yake, ga ruwa, ba abin tayar da hankali.

Saɓa

Nan ne masu kiwo da yawa suke kashe nasu da hannunsu, suna zaton taimako suke yi. Mu karanta wannan hira tare.

"Baba, zo ka gani! Gizon Yaya ya mutu, ga shi a rigingine."

"Dakata, kada ka taɓa. Ƙafafun a buɗe suke ko a naɗe?"

"A buɗe, suna kallon sama."

"To, da ransa. Saɓa yake yi. Wanda zai mutu a kife yake zama, ya naɗe ƙafafu ƙarƙashin jiki. Je ka gaya wa yayanka ya cire gyaren da ke ciki."

Fatar gizo tauri gare ta, ba ta miƙewa, sai ya tuɓe ta yake girma. Ƙarami yakan yi saɓa sau da yawa a shekara, babba kamar sau ɗaya. Kafin nan zai daina ci, jikinsa ya yi duhu, ya shimfiɗa yana a ƙasa ya kwanta a kai. Aikin yakan ɗauki sa'o'i. Kada a juya shi, kada a girgiza robar, kada a yayyafa masa ruwa. Idan ya fito, jikinsa laushi ne har fiƙar, gyare guda yana iya ji masa ciwo. A jira mako ɗaya zuwa biyu, fiƙar ta yi baƙi, sannan a ba shi abinci. Ikon Allah, ko ƙafa ce ta guntule, a saɓa take sake tsirowa.

Ba a ɗauka a hannu

Za ka ga masu ɗora shi a tafin hannu a bidiyo. Kada ka kwaikwaya. Ba ya sabo da mutum, ɗauka tsoro kawai take ba shi, in ya zabura ya faɗi shi ke nan. Idan za a gyara ɗakinsa, a kifa masa kofin roba a hankali, a zura kwali ta ƙasa, a ɗauke.

In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotsa. Idan yaro ne, ko kumburi ya yi yawa, ko numfashi ya yi wuya, ko jijiyoyi suna ɗaurewa, a tafi asibiti nan take. Gashi in ya shiga ido kada a murza, a ɗauraye da ruwa mai tsabta a kai ga likita.

Aikin gida

Rubuta wannan jimla sau uku a littafinka: Gizo a rigingine saɓa yake yi. Sannan ka yi lissafi: ana ba gizo gyare 2 a mako, gyare nawa zai ci a mako 8? Kafin zama na gaba, kowa ya duba gidansa ya gano ɗakin da ya fi sanyi da azahar, ya zo ya faɗa wa aji da me aka gina shi.