Kurakuran da mutanenmu ke yi in za su hau dutse cin abinci a Aescher

Duk wanda ke zaune a Jamus ko Suwizalan ko Ostiriya, karatu ya kai shi ko neman abinci, da wuya a ce bai taɓa ganin hoton gidan abincin nan da ke manne a jikin dutse ba, wato Aescher, a yankin Appenzell can gabashin Suwizalan. Tun da National Geographic suka sa hotonsa a bangon wani littafinsu a 2015 jama'a ke tururuwa. To amma hoton nan yana ruɗin mutane wallahi, ka ga tebura da kujeru ana shan kofi sai ka ɗauka yawon shan iska ne kawai, alhali gidan yana tsayin mita 1,454 kuma babu titin mota da ya kai can. Kusan duk kurakuran daga nan suke farowa.

Na farko takalmi. Sai ka ga ɗan uwa ya caɓa ado saboda hoto, ya sa kambas mai sulɓin ƙasa ko ma silifas, 'yar uwa kuma doguwar abaya har tana sharar ƙasa. Dutsen Alpstein, inda gidan yake, in ya jiƙe santsi gare shi sosai, kuma hanyar daga Ebenalp, wato tudun da ke saman gidan inda motar igiya ke sauke mutane, ta cikin kogon Wildkirchli take ratsawa, kogon da aka tono ƙasusuwan dabbobin da da kayan aikin dutse na mutanen farko tun 1904, ciki da danshi da sanyi ko da rani ne. Ka nemi takalmin hawa dutse mai haƙora a ƙasa, ko aro ne. Ke kuma 'yar uwa ba wanda ya ce ki bar suturarki, ki dai zaɓi wadda ta tsaya a idon sawu, ki sa wando a ciki, gyalen ma ki ɗaure shi tam saboda iska.

Sai rashin karanta alamun hanya. Allon ruwan ɗorawa zalla hanya ce mai sauƙi. In ka ga fari da ja da fari an shafa a jikin dutse to hanyar dutse ce ta gaske, tana son ƙafa mai ƙwari da wanda tsayi ba ya sa shi jiri. Fari da shuɗi da fari kuwa kar ma ka soma, ta ƙwararru ce masu kayan aiki. Kuma lokacin da suke rubutawa a allo, misali awa ɗaya, na mai tafiya ne ba tsayawa, ba hutu ba ɗaukar hoto, don haka kai da ba ka saba ba ka ƙara rabinsa a lissafinka.

Babban kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne saukowa. Mutum ya zo Wasserauen, ƙauyen da ke gindin dutsen, a jirgin ƙasa, ya shiga motar igiya ta kai shi Ebenalp cikin 'yan mintuna, ya gangara Aescher cikin kamar minti 20, ya ci ya ƙoshi, sai ya hango tafkin Seealpsee can ƙasa yana ƙyalli ya ce ai gangara ce kawai bari mu bi ta nan mu huta da kuɗin tikiti. Wannan hanyar ba wasa ba ce, tana da tsaye sosai, ga matakala marasa daidai ga rami a gefe, kuma an yi asarar rayuka a kanta, a 2022 ma mutane sun faɗo sun rasu a hanyoyin da ke kusa da Aescher har da uwa da ƙaramar 'yarta. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ga gajiya ga nauyin ciki, a nan ƙafa ke zamewa. In kana tare da yara ko dattijo ko an yi ruwa, dan Allah ka koma ta inda ka zo, ka hau motar igiya ka sauka, in kana son ganin tafkin akwai hanya mai faɗi daga Wasserauen, awa guda ko kusa da haka. In kuma lallai kana son bin waccan to gara ka hau ta da safe da ƙarfinka, ka dawo a motar igiya. Kuma ka tambayi ƙarfe nawa ta ƙarshe ke sauka tun kafin ka zauna cin abinci, ba ta jiran kowa.

Yanayi ma haka. Rana na ƙwallawa a Zurich ba ya nufin komai, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, kuma da rani hadari da tsawa yawanci bayan azahar suke haɗuwa, cikin ɗan lokaci hazo ya rufe ko'ina. Ka duba manhajar hasashen yanayi ta MeteoSwiss da safen, ka fita da wuri, ka jefa rigar ruwa da suwaita a jaka ko da kana ganin ba ka buƙata. Gidan ma ba duk shekara yake buɗe ba, daga wajen Mayu ne zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin ƙanƙara a rufe yake.

Wajen abinci kuwa kunya ce ke cutar da mu, mutum ya nuna hoto kawai ya ce a kawo. Rösti dankali ne da aka goga aka soya, shi kansa ba matsala, amma sau da yawa da Speck ake haɗa shi, Speck da Schinken duk naman alade ne, taliyarsu mai cuku da miyar sha'ir ma akan jefa shi ciki. Ka buɗe baki ka tambaya, ka ce ohne Speck, wato ban da Speck, ko ka ce kai ba ka cin nama gaba ɗaya, sun saba da irin wannan, ka tambayi ma da wane mai aka soya. Abin sha kuma Süssmost ruwan tuffa ne zalla, amma saurer Most yana da giya. Ka riƙe 'yan faran na Suwizalan a aljihu, kar ka dogara da kati kaɗai a kan dutse. Alwala gara ka yi ta tun a ƙasa don ruwa yana musu wuya a sama, wajen sallah kuma ka nemi fili a Ebenalp nesa da bakin dutse, kar ka shimfiɗa darduma a siririyar hanyar da mutane ke wucewa.

Shanu kuma, mu da muka tashi muna ganin shanun Fulani sai mu ga ai ba komai, mu matsa mu shafa ɗan maraƙi. Saniya mai ɗa ba ta san ka ba, ka ba ta tazara ka wuce a hankali, ƙofar shinge in ka buɗe ka rufe, siririyar wayar da ke kewaye da wurin kiwo kuma akwai lantarki a jiki. Famfon da aka rubuta Kein Trinkwasser ba a shan ruwansa, ka taho da gorarka cike, sharar ka kuma a jakarka za ta sauko. Kafin ka tashi ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowa, ka caja waya, ka adana 1414 lambar Rega masu ceto da helikwafta, da kuma 112 lambar kiran gaggawa.