Idan sikirin ya yi baƙi bayan sa sabon katin hoto

Duk wanda ya sa sabon katin hoto (wato graphics card, mai sarrafa hoton da ke fita a sikirin) a kwamfutarsa, ya ga fanka tana juyawa amma sikirin ya yi baƙi ƙirin, kada ya yi saurin cewa katin ya lalace. A fara duba wayar HDMI mai kai hoto zuwa sikirin, domin galibi akan bar ta a ramin mazabod (babban allon da ake jona sassan kwamfuta a kai), alhali wurinta ramukan katin da ke can ƙasa. Ni kaina na taɓa ɓata awa guda kan wannan kuskuren. Daga nan a cire wuta, a danna katin cikin ramin PCIe, wato dogon ramin mazabod da yake zama a ciki, har makullinsa ya kama, a kuma jona wayar wutarsa mai fil 6 ko 8 idan yana da ita. Idan abin ya ci tura, a cire batirin CR2032, ƙaramin batirin da ke kan mazabod, na minti 5 don saitin mazabod ya koma na asali, sannan a mayar.