Yadda ƙungiyar unguwa za ta tsayar da matsaya kan shirin raya birni a Legas

Duk ƙungiyar da ta jira sai jami'ai sun shafa jan fenti na alamar rusau a bangon gidaje kafin ta zauna shawara, to ta makara. A Legas, inda ake shimfiɗa layin dogo, ana gina gadoji, ana kuma tayar da kasuwanni, Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 suna bukatar rubutacciyar matsaya tun shiri yana kan takarda.

A fara da neman takardun aikin, domin jita-jitar bakin kasuwa ba ta zama hujja a ofis. A tura wakilai ma'aikatar tsara birane da ke Alausa a Ikeja, su nemi taswirar aikin a rubuce, su dawo da kwafin wasiƙarsu ɗauke da hatimin karɓa. Idan babban aiki ne, bisa dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ana baje rahotonsa ga jama'a na tsawon kwanakin aiki 21, kuma a cikin wannan wa'adi ne ƙorafi yake da nauyi.

Daga nan sai ƙidaya, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan aikin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta gini ce da abin da aka raya a kan fili. Yawancin mutanenmu 'yan haya ne, ko masu rumfa, ko 'yan dako da ke kwana a kasuwa, saboda haka diyya takan wuce ta kansu zuwa ga mai gida. Ƙungiyar da ta tsaya ga masu takardar mallaka kaɗai ta bar mafi yawan jama'arta a rana. Don haka a bi gida gida da rumfa rumfa, a rubuta sunan kowa da sana'arsa da shekarun zamansa, a tattara rasit na haya da na haraji, a ɗauki hoton kowane gini da masallaci da makarantar allo. Lokacin da aka rushe unguwar Maroko da ke Legas a watan Yulin 1990, mutane kimanin 300,000 suka rasa muhalli, kaɗan daga cikinsu ne aka sake tsugunarwa. Mutanen Otodo Gbame, wata unguwar masunta a bakin ruwa a Legas, sun yi nasara a babbar kotun jiha a 2017, amma hukuncin ya zo bayan an gama rusau.

Wajen rubuta matsayar, kada ta ƙare a kan "ba mu yarda ba". Jirgin ƙasan da ke bi ta Agege daga Agbado zuwa Oyingbo ya sauƙaƙa wa talaka zirga-zirga, kuma faɗin irin wannan gaskiya yana sa a saurari sauran maganar. A bayyana abin da aka amince da shi, sannan a jero sharuɗɗa: sanarwa a rubuce da isasshen wa'adi, a kammala sabon wuri da ruwa da hanya kafin a tayar da kowa, a fara ba tsofaffin 'yan kasuwa rumfuna a farashin da za su iya biya. Sa'ad da aka taso da batun mayar da kasuwar Mile 12 zuwa garin Imota da ke yankin Ikorodu a 2016, tambayar da ta dace ita ce ko motocin tumatir da albasa daga Arewa da masu sari daga cikin gari za su iya haɗuwa a can ba tare da kuɗin mota ya cinye riba ba.

Kada a bari lamarin ya ɗauki launin ƙabila, domin katafila ba ta tambayar yaren mai gida. A sanar da Sarkin Hausawa, a nemi hannun Baale, wato mai unguwa na Yarbawa, da ƙungiyar raya unguwa da maƙwabta Yarbawa da Ibo. Lauya ya duba takardar, a karanta ta da Hausa a bainar jama'a, sannan a miƙa wa ma'aikatar da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar dokokin jiha. A naɗa mutum biyu kawai su riƙa magana da yawun ƙungiya, duk alkawarin da jami'i ya yi a taro a rubuta shi a sa hannu, a kuma ajiye kwafin takardun a wani wuri da ba ya cikin unguwar da rusau zai shafa.